Sharhin Wasanni: Idan Kulob Ya Faɗi, Ta Ina Ake Fara Ɗaga Shi?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Lautai: na Gumel, na Maigatari, na Gagarawa, na Sule Tankarkar da Ɗanzomo, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka a Jamhuriyar Nijar waɗanda muryarmu ke isa gare su. Sharhinmu na yau na tamaula ne, kuma a kan tambaya ɗaya za mu zauna: idan kulob ya faɗi, ta ina ake fara ɗaga shi?

Duk mai bin wasannin gida ya san abin da kan biyo bayan faɗuwa. Kafin ƙura ta lafa za a ji sanarwa: an rushe shugabancin kulob, an kafa kwamitin riƙo, an sallami koci, an ce da 'yan wasa kowa ya kama gabansa. Sai a tara manema labarai a ce za a sake gina ƙungiya daga tushe, a sa ranar gwaji. Ga wanda bai taɓa ganin ranar gwaji ba, ga yadda take. Tun da asuba samari sun cika bakin fili, kowa da takalminsa a leda. Wani ya biyo motar farko daga Gumel, wani daga Jos ya taso, wani a tasha ya kwana. A raba su sha ɗaya-sha ɗaya, a ba kowane rukuni 'yan mintoci. Yaron da ƙwallo ba ta zo ƙafarsa ba, shi ke nan an gama da shi, ko da kuwa shi ne ya fi kowa iyawa. Wanda ya zo da wasiƙar wani babba kuwa, sau da yawa sunansa na kan takarda tun kafin a hura usur. Bayan 'yan kwanaki a ce an samu sabuwar tawaga. In kaka ta ƙare ba a hau ba, a sake rushewa, a sake kiran gwaji. Wannan sauya fuskoki ne kawai, jama'a, kuma shi ya sa kulob-kulob ɗinmu na Arewa suke ta kai-komo tsakanin firimiya da gasar 'yan dagaji.

Mu fara da namu na gida. Jigawa Golden Stars kulob ne na gwamnatin jiha, kuma na kowa ne a ƙananan hukumomi 27 na Jigawa. A shekarar 2019 ya samu hawa gasar firimiyar Najeriya tare da Adamawa United da Warri Wolves da Dakkada. Kakar farko ba ta kai ƙarshe ba, domin cutar korona ta tsayar da wasanni a watan Maris na 2020, kuma aka yanke cewa babu wanda zai sauka a wannan shekara. Wato kulob ɗin ya samu rarar shekara guda da zai shirya. Duk da haka, da aka kammala kaka ta gaba a 2021, Golden Stars na cikin huɗun da suka sauka, tare da Adamawa United da Warri Wolves da Ifeanyi Ubah. Ku lura da kyau: cikin huɗun da suka hau tare a 2019, uku sun sauko tare.

Akwai kuma abin da ya fi ci wa masoya tuwo a ƙwarya. A wannan kaka ta 2021, wasannin da ake kira na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna aka riƙa buga su. Ɗan Maigatari da ke son ganin kulob ɗin jiharsa sai ya bi ta Gumel, ya shiga Kano, ya ratsa Zariya, sannan ya isa Kaduna. Wane ƙaramin ɗan kasuwa ne zai rufe rumfarsa kwana biyu domin wasan minti casa'in? A gasar Najeriya, inda kowa ya san galibin maki a gida ake tara su, kulob ɗin da ba shi da gida ya shiga kaka da rauni tun ranar farko.

Maƙwabtanmu na Kano ma sun ɗanɗana. Kano Pillars, Sai Masu Gida, da aka kafa a 1990, ta ci gasar firimiya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗaga kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Shekara uku bayan wannan kofi, a 2022, ta faɗi. Cikin abin da ya ja ta ƙasa har da hargitsin da aka yi a filin Sani Abacha a watan Afrilun wannan shekara a wasanta da Katsina United, wanda ya sa aka ci ta tara, aka raba ta da gida, ga kuma maki da aka zabtare mata a wannan kaka. Ta dawo a 2023, ita da Katsina United, domin tana da suna da magoya baya da aljihun gwamnatin Kano. Sai dai dawowa daban, komawa kan karaga daban. Tun 2014 kofin firimiya bai sake kwana a Kano ba.

Yanzu bari mu leƙa wata ƙasa da wani wasa na dabam, domin akwai darasi a can. A Amurka suna da wasan zari-ruga irin tasu, wadda ake yi da hular kwano da sulke a kafaɗa, ƙwallon kuma mai siffar ƙwai. Babbar gasarsu, NFL, tana da kulob 32, kuma a can sun mai da sake gina ƙungiya wani ilimi mai ƙa'ida. Babu wanda ke sauka zuwa ƙaramar gasa, komai lalacewarsa. Kowane watan Afrilu ana zaman rabon sabbin 'yan wasa da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa. Kuɗin da gidajen talabijin na ƙasa ke biya, raba daidai ake yi wa kowa. An kuma ƙayyade iyakar abin da kulob zai kashe a albashin 'yan wasa: a 2024 iyakar ta ɗan haura dala miliyan 255 ga kowane kulob, mai kuɗi da marar kuɗi. Da wannan tsari, wanda ya faɗi yana da tsani a gabansa.

Ku ɗauki Detroit Lions. A 2008 sun buga wasa 16, an doke su a duka 16. Shekaru suka yi ta tafiya, ana sauya koci, ba a kai ko'ina ba. A farkon 2021 mai kulob ɗin, Sheila Ford Hamp, ta ɗauko sabon manaja, Brad Holmes, da sabon koci, Dan Campbell, ta ba kocin kwantiragin shekara shida. Abin da suka fara yi ya girgiza magoya baya: suka miƙa wa Los Angeles Rams tauraronsu Matthew Stafford, suka karɓi Jared Goff da damar zaɓen matasa a shekaru masu zuwa. Suka shiga tara yara: Penei Sewell, Amon-Ra St. Brown, daga baya Aidan Hutchinson. A cikin tawagar har da masu jinin Najeriya, irin su Romeo Okwara, haifaffen Legas, da ƙanensa Julian.

Kakar farko ta yi ɗaci. Sun buga wasa 11 ba su ci ko ɗaya ba, sai a watan Disamba suka samu nasarar farko, suka gama da nasara 3 kacal cikin wasa 17. Kaka ta biyu ma ta fara da shan kashi shida a wasa bakwai. Can ma magoya baya sun yi ta kiran a kori koci. Mai kulob ta fito ta ce tana nan kan tsarin da aka shimfiɗa. Suka gama 2022 da nasara 9. A 2023 suka ci 12, suka zama zakarun rukuninsu karon farko cikin shekara 30. A 2024 suka ci 15 cikin 17. Har yanzu ba su ɗaga babban kofin Super Bowl ba, amma kulob ɗin da ake yi wa kallon matacce ya koma wanda kowa ke shakkar haɗuwa da shi, kuma da kocin da aka ce a kora aka yi wannan aiki.

Na san abin da wani ke faɗa yanzu a bakin rediyonsa: Malam, can Amurka ce, mu nan fa? Gaskiyarsa. A firimiyarmu kulob 20 ne, huɗu ke sauka duk kaka. Ba mu da zaman rabon 'yan wasa da zai ba na ƙasa damar fara zaɓa, ba mu da kuɗin talabijin da zai riƙe kulob, kuma kocin da ya yi wasa 11 bai ci ba ya riga ya jefa kulob ɗinsa a rami. Saboda haka a wurinmu ba a cikin firimiya ake sake gini ba. Lokacin gini shi ne lokacin da kulob yake ƙasa, a gasar NNL ta 'yan dagaji, inda idon duniya ba ya kansa sosai. Waɗannan shekaru da muke ɗauka na kunya, muke gaggawar tserewa daga cikinsu ta hanyar kwaso tsofaffin 'yan wasa da kuɗin sa hannu mai tsoka, su ne shekarun da ya kamata a yi aikin.

Kuma ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga shaida. Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta hau firimiya ta buga kakar 2017, ta faɗi. Ta sake hawa ta buga 2019, ta sake faɗi. Mai kulob bai watsar ba. Ya gina fili na kulob ɗin a Ikenne, ya kafa makarantar renon matasa mai suna Beyond Limits, wadda yaranta suka je Italiya a 2024 suka ɗauko kofin matasa na Viareggio. Da Remo ta dawo a 2021, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu kuma a 2024, sannan a 2025 ta ci gasar ƙarƙashin koci Daniel Ogunmodede, wanda aka bar shi ya yi shekaru yana aikinsa. Ikenne ba birni ba ne kamar Legas ko Kano. Gari ne da aka zuba masa tsari da haƙuri.

Mutanen ƙasar nan sun fi kowa sanin wannan hikima, domin a Maigatari ake cin ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa duk ranar Alhamis. Makiyayin da fari ya cinye wa garke, in ya shiga kara da ɗan kuɗinsa, ba ya nufar ƙosasshen bijimin da kowa ke kewayawa. Karsana yake nema. Ya san bana ba zai sha nononta ba, baɗi ma wataƙila sai haƙuri, amma daga cikinta garke zai tashi. Kulob ɗin da ya kwashe kasafinsa ya sayi sunaye, ya sayi abin nunawa na kaka ɗaya. Wanda ya zuba a yara 'yan shekara sha biyar zuwa sha takwas, shi ya sayi shekara goma.

To ina yaran suke? Amurkawa jami'o'i ne ke yi musu reno. Mu namu renon a filin makarantar firamare ake yinsa, bayan sallar la'asar. Ku je bayan gari a Sule Tankarkar ko Gagarawa da yamma ku tsaya. Turakun raga na itace ne, an ɗaura igiya a sama. Rairayi na kama ƙafa, ga ƙarangiya a gefe. Rabin yaran ba takalmi, wasu ƙafa ɗaya ce ke da shi, domin aboki biyu sun raba guda. Mai horar da su wani malamin makaranta ne ko tela, da kuɗin aljihunsa ya sayi ƙwallon, shi ne alƙalin wasa, shi ne mai ɗaurin targaɗe. A cikin yaran nan akwai mai gudu, akwai mai ƙafar hagu da ba a koya masa ba, akwai mai tsaron gida da ba ya tsoron faɗuwa. Da dare kuma ku same su a gidan kallo, sun haddace 'yan wasan Arsenal da Real Madrid da Barcelona, amma da wuya su kawo sunan mutum uku na Golden Stars. Laifin ba nasu ba ne. Ba a kawo musu kulob ɗin kusa ba, ba a kuma zo an gan su ba.

Kada wani ya ce renon yara asarar kuɗi ne. Ahmed Musa yana matashi ɗan ƙasa da shekara 18 ya zura ƙwallo 18 a Kano Pillars a kaka ɗaya, a 2010 ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, daga nan CSKA Mosko, daga nan Leicester a Ingila. Dokar FIFA kuma ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi tun daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai in an yi masa rajista, akwai takarda da ke nuna daga inda ya fito. Ƙaramin kulob na unguwa a Gumel da ya yi wa yaransa rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha zai iya cin gajiyar yaro ɗaya shekaru bayan ya tafi. Wanda bai yi ba, ya yi wa wani noma.

Saboda haka ga kiranmu, kuma za mu faɗe shi dalla-dalla.

Ga gwamnatin jiha da masu riƙe da kulob: ku zaɓi koci da idon basira, ku ba shi aƙalla shekara uku a rubuce, ku zauna da shi ku amince kan abin da ake so a gani kowace shekara, sannan ku bar shi ya yi aiki. A daina aiko masa da sunaye daga ofis. Ku rage yawan 'yan wasa zuwa adadin da za ku iya biya, ku biya albashi da alawus a kan lokaci, domin ɗan wasan da ke tunanin kuɗin haya da abincin iyali ba zai sa ƙafarsa inda ake karayar ƙafa ba. Ku tabbatar akwai fili a cikin Jigawa da ya cika ƙa'idar firimiya tun kafin a hau, don kada ranar murna ta zama ranar neman masauki a wata jiha. Ku kuma yi wa kulob tsarin da sauyin gwamnati ko na kwamishina ba zai rushe shi ba.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da masarautunmu biyar, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim: a kafa gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da ta 'yan ƙasa da 17 wadda za a riƙa yi kowace shekara a lokaci sananne, bayan an kawar da amfanin gona, ko akwai zaɓe ko babu. Kofin da ake sawa sai siyasa ta matso, a raba riguna masu hoton ɗan takara, ba ya renon kowa. A fara daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa masarauta, kocin Golden Stars da mataimakansa kuma su zauna a bakin fili da littafi a hannu. A tsaya kan shekarun gaskiya, domin ƙaton da ya rage shekaru ya shiga cikin yara ya tare wa ɗan wani hanya, ya kuma yaudari kulob. Kwalejin Ilimi ta Gumel na yaye malamai duk shekara, kuma a cikinsu za a samu waɗanda in an ba su horon koci za su riƙe filayen makarantunmu.

Ga attajiranmu masu fataucin riɗi da zoɓo da dabbobi: kuɗin ƙwallaye da riguna da motar kai yara wasa ba zai girgiza jarinku ba. Ɗaukar nauyin kulob ɗaya na matasa a garinku hanya ce ta raba samari da zaman banza da shaye-shaye.

Ga iyaye: ku bar yaro ya yi wasa, amma kada ya bar makaranta, boko da islamiyya. Cikin yara masu yawa kaɗan ne za su ci abinci da ƙwallo, sauran kuma da iliminsu za su rayu.

Ga mu magoya baya kuma, namu nauyin ya fi kusa. Mu ne muke fara ihun a kori koci bayan wasa uku. Mu ne, in rai ya ɓaci, wasunmu ke jifa da tsallaka shinge, alhali mun ga abin da hakan ya jawo wa Pillars a 2022. Dutse ɗaya da aka jefi alƙalin wasa da shi yana iya cinye makin da 'yan wasa suka yi wata guda suna nema. In an fito an gaya mana gaskiya cewa bana shekarar gini ce, an nuna mana yaran, an nuna mana tsarin, to mu ba da lokaci. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. In kuwa aka ce gini ake yi amma ba mu ga yara ba, ba mu ga fili ba, albashi kuma na maƙale, to haƙƙinmu ne mu tambaya, da baki da alƙalami, cikin ladabi.

Detroit ta yi shekara uku kafin ta ga amfanin haƙurinta. Remo ta faɗi sau biyu kafin ta ɗaga kofi. Jigawa na da yara, tana da masoya ƙwallo, tana da masu hali. A ba koci lokaci, a biya ɗan wasa haƙƙinsa, a gina fili a gida, a je ƙauye a nemo yara. Duk wanda ke da iko a kan ɗaya daga cikin huɗun nan, muna roƙonsa ya fara a wannan kaka.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya yi wa matasanmu albarka.